Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya Shugaba, iyayenmu masu ba da shawara, malamai, ma'aikatan lafiya da sauran 'yan uwa mambobi.

Ka'ida ita ce a karanta wannan rahoto na ƙungiyarmu mai koyar da kiwon lafiya a makarantu a gaban jama'a a taron ƙarshen shekara. Sau biyu ana kiran taron, sau biyun kuma kujeru suna fin mutane yawa, shi ya sa na rubuta shi domin kowa ya karanta a inda yake. Kafin komai, a sa mahaifiyarmu tsohuwar ungozoma da ta rasu bayan Babbar Sallah a addu'a. Ita ce ta fara ba mu zaurenta muna zama lokacin da ba mu da ko benci. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa Aljanna ce makoma.

Tarukan wata-wata an yi waɗanda suka samu. Na Agusta dokar hana fita da aka sa a Kano lokacin zanga-zanga ta cinye shi.

Maganar kuɗin wata

Malam Ma'aji zai kawo alƙaluma a nasa rahoton, ba zan shiga gonarsa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, waɗanda suka biya wata 12 cif ana ƙirga su da yatsun hannu, ba sai an nemi taimakon na ƙafa ba. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa kansa ya ɗau zafi, kuma ni ma albashin nan nake jira kamar kowa. Wanda ya zo ya ce "Malam Sakatare, wallahi wannan watan babu," ban taɓa riƙe shi a zuci ba. Wanda yake ba ni ciwon kai shi ne mai cewa "yanzun nan zan tura," tun watan azumi har ga shi sanyi ya shigo. Akwai ma wanda da ya hango babur ɗina a bakin makarantarsu sai ya tuna bai yi alwala ba. Ya san kansa.

Na fara da wannan ne saboda duk abin da za ku ji a ƙasa cewa bai kammala ba, tushensa nan ne.

Ranar wanke hannu

Alhamdu lillahi, abin da ya wanke mana fuska a bana shi ne taron ranar Talata 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda ake yi duk shekara tun 2008. Mun zaɓi firamaren nan ta bayan gari da kuka sani, wadda famfon burtsatsenta ya daɗe da mutuwa. Wasu sun ce me zai kai mu koyar da wanke hannu inda babu ruwa. Amsar da Hajiya Shugaba ta bayar ita ce daidai: inda akwai ruwa ai ba sa jiranmu. Ga shi kuma shekara ce da amai da gudawa ya yi ɓarna a jihohi da dama, mashaƙo kuma bai gama sakin Kano ba tun ƙarshen 2022.

Ba mu sayi wani kayan a zo a gani ba. Tsofaffin galan-galan na man girki muka tara daga gidajenmu, da igiya, da sanduna. Ana ɗora ƙusa a wuta a huda galan kusa da wuyansa, a rataye shi a kan sandar da aka gitta, a ɗaure igiya daga bakinsa zuwa wata sanda a ƙasa. Yaro ya taka da ƙafa, galan ya sunkuya, ruwa ya zubo siriri, hannu bai taɓa komai ba. A ƙasa a zuba tsakuwa don kada wurin ya zama taɓo. Galan ɗaya yana isar yara masu yawa, saɓanin buta da yaro ɗaya zai iya juyewa. Yaran aji 5 da aji 6 ne suka kafa su da hannunsu, mu namu nuni. Wani mai kurar ruwa da ke unguwar ya cika mana su, aka miƙa masa kuɗi ya ce 'yarsa tana aji 2, ba zai karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri. Ba mamba ba ne, amma ya yi abin da mambobi da yawa ba su yi ba.

Darasin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na gawayi. Malama mai kula da kayan koyarwa ta kwaɓa garin gawayi da man shafawa, ta shafa wa yaro ɗaya a tafin hannu, aka ce ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, har ƙarshen layi. Da aka ce kowa ya ɗaga hannu, na ƙarshe ma da baƙi a yatsunsa, wani har a kumatu da bakin riga. Wurin ya kaure da dariya. Sai aka ba su ruwa zalla su wanke, baƙin ya ƙi fita, sai dai ya ƙara yaɗuwa. Aka kawo sabulu. Gani ya kori ji. Abin da muka shekara muna rubutawa a allo suna maimaitawa kamar karatun aku, a minti 10 ya zauna.

Daga nan aka kawo kwano ɗaya na wanke hannu irin wanda ake ajiyewa kafin cin tuwo, yara suka bi layi suna tsoma hannu. Aka ɗaga ruwan aka tambayi na ƙarshe ko wankewa ya yi ko shafawa. Iyaye matan da suka zo kallo su ne suka fi yin shiru a nan, domin kowa ta san haka ake yi a gidanta, har da gidana. Saƙon da muka ba su gajere ne: a zuba wa yaro ruwa da buta, kada a tsoma, a cuɗa da sabulu gwargwadon ƙirga 1 zuwa 20 a hankali, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

Wani yaro ɗan aji 4 ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai ni sau biyar nake alwala." Gaskiya na ɗan yi jim. Malam Liman da muka gayyata ne ya karɓe ta. Ya yaba wa yaron, ya kawo hadisin da ya ce tsarki rabin imani ne, sannan ya tambaye shi ko bayan alwalar Azahar ba ya sake shiga banɗaki, ba ya taɓa akuya, ba ya wasa da ƙasa kafin ya sa hannu a kwano. Yaron ya yi murmushi ya zauna. Wannan tambaya da amsarta mun riga mun sa su a cikin jagoran malami, domin duk makarantar da aka je za a sake yin ta.

Bayan mako uku mun koma. Yawancin galan-galan suna nan, yara na cika su bi da bi. Sabulun ne babu. Tsakanin awaki da ɓeraye da masu dogon hannu ba mu san wa za mu kama ba. Baba mai gadi ya ba da shawarar a huda gwangwanin madara a kife shi a kan sabulun a jikin igiyar. An gwada, ya yi.

Mutanen da suka ɗauki nauyin wannan rana ba su kai 10 ba. Da aka sa hotuna a WhatsApp kuwa, masu "Masha Allah, ƙungiyarmu ta yi ƙoƙari" sun ninka haka sau da yawa.

Katunan hoto

Kashi na farko, na tsaftar hannu da banɗaki da abincin talla, an buga an raba wa makarantun da muke aiki da su. Masu tambayar me ya sa ba mu ɗauko fastocin da ake rabawa kyauta ba, su leƙa ɗaya su gani: Turanci ne, yaron ciki yana tsaye gaban famfo mai sheƙi, ga tawul a rataye. Yaronmu da ke zaune a ƙasa cikin aji mai cunkoso ba ya ganin kansa a wurin. Namu zanen buta ne da masai da tallar awara. Ko a Hausar ma sai da muka yi gyara, domin da muka rubuta "ƙwaya" a gajarce, yara suka ɗauka ƙwayar magani ake nufi, wasu kuma ta 'yan shaye-shaye. Yanzu ko'ina "ƙwayoyin cuta" ne a cike.

Kashi na biyu, na gudawa da zazzaɓin cizon sauro, bai fito ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Ba barci ba ne. Da farko 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta kama kuskure a katin ruwan gishiri da sukari: mai zanen ya haɗa tsohon ma'aunin kwalbar lemo da iyaye suka haddace da sabon ma'auni. Abin da ya kamata ya fito shi ne lita 1 ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata 2, da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri, tare da jan hankali cewa ƙunshin ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na asibiti ko kyamis, da maganin zinc su ne gaba in ana iya samu. Gishiri in ya yi yawa cutar da yaro yake yi, don haka ba abin da za a ce "a bar shi haka" ba ne. Da aka gyara, sai ga ɗaukewar wutar da ta rufe Arewa kwana da kwanaki a ƙarshen Oktoba. Mai buga mana ya ce sai da janareto, kuɗin ya tashi, farashin takarda ma ba na farkon shekara ba ne. Asusu kuma kun ji halin da yake ciki. Zanen yana nan a shirye.

Ɗan littafin balaga

Wannan shi ne shekara ta biyu yana kwance, kuma ni ake tarewa a hanya a kansa. Masu cewa a yi sauri da masu cewa a bar shi gaba ɗaya duk suna cikinmu. Ina tuna wa masu gaggawa cewa ko gwamnatin tarayya sai da ta sauya wa manhajarta ta ilimin jima'i suna zuwa ilimin zaman iyali da kariya daga cutar ƙanjamau a 2003 kafin jihohi su saurare ta, kuma a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta cire ilimin jima'i daga manhaja. Ƙaramar ƙungiya irin tamu in ta yi kuskuren kalma ɗaya, ƙofar makarantun da muka sha wuya kafin a buɗe mana za a rufe, har da wanke hannun.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta kuma, ra'ayina ban ɓoye ba. Yarinyar da ke karanta Ahalari a Islamiyya tana karanta babin haila da nifasi. Abin da muka ƙara kawai shi ne tsaftar ƙunzugu ko audugar mata, da cewa ganin jinin farko ba ciwo ba ne ba kuma abin kunya ba ne, da koya wa yaro mace ko namiji cewa al'aurarsa ba abin taɓawar kowa ba ce, kuma in wani ya taɓa ko ya tsorata shi ya gaya wa uwa ko malama ko da an ce a rufa asiri. Malamai mata sun gama rubutu tun kafin damina. An miƙa wa malaman addini biyu su duba. Ɗaya ya dawo da gyare-gyare masu amfani, Allah ya ƙara masa lafiya, ɗayan muna jira. Ba zan matsa wa dattijo ba, kuma ba za a buga ba sai ya sa hannu. Wanda yake ganin yana da fuskar da za a yi masa sauri, ga hanya nan.

Darasin shaye-shaye da aka ce za a shirya kafin 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba a yi komai a kai ba. Kwamitin da ya nemi aikin da bakinsa bai zauna ko sau ɗaya ba. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma sholisho da sauran tarkace suna nan a bakin makarantu, kuma malamai suna tambayarmu abin da za su riƙe su shiga aji da shi. Ina roƙon kwamitin ko dai ya zauna ko ya faɗa a fili a ba wasu.

Sauran bayani

Akwatin katuna da ragowar igiya da sabulu har yanzu a ɗakina suke, uwargida ta yi haƙuri iya haƙuri; ana neman mai wurin ajiya. Makarantu biyu sun roƙi a kafa musu galan kafin zafi ya shigo, don haka duk mai tsohon galan mai marfi ya wanke ya kawo. Masu bashin kuɗin wata su ga Malam Ma'aji kai tsaye, ko da rabi ne, kada su biyo ta kaina.

Wa'adina na sakatare yana ƙarewa a zaɓe mai zuwa, kuma na riga na shaida wa Hajiya Shugaba cewa ba zan sake tsayawa ba. Aikin makarantu zan ci gaba da yi in Allah ya yarda. Littafin rajista da hatimi suna nan a shirye ga wanda za a zaɓa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya