Na'urar hoton ciki ba ta masu juna biyu kaɗai ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani ciwo da ke cin dattawanmu a karkara ba a ambatonsa, wato kumburin babbar jijiyar jini ta ciki. A nan wajenmu, duk tsohon da ya ce ciki ko baya na damunsa, sunan ciwonsa ulsa ko sanyi. Sai a tura yaro kemis.

Akwai wata babbar jijiyar jini da likitoci ke kira awota. Daga zuciya take fitowa, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangaro ta gaban ƙashin baya, sai wajen cibiya ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a ciki wajen santimita 2 ne ga mai lafiya. Tsufa da hawan jini, sannan uwa-uba sigari, su ke raunana bangonta har wani wuri ya buɗe ya kumbura, kamar tsohon tiyon ban-ruwa da inji ya fi ƙarfinsa. In ta kai santimita 3, ciwo ya tabbata. Sau da yawa ba ta yi wa mutum ciwo sai ranar da za ta fashe, kuma wanda ta fashe masa a ƙauye da wuya ya kai Kano da rai.

Kawuna ya haura saba'in, ya sha taba tun yana saurayi. Wata rana yana kwance rigingine a zaure ya ce, "Ɗana, zo ka taɓa nan." Na ɗora hannu sama da cibiyarsa kaɗan, sai na ji abu yana harbawa dam-dam. Muka kai shi Kano. Da na'urar da ake duba masu juna biyu aka duba shi, ita ɗin dai, aka shafa masa mai a ciki, nan da nan likita ya nuna mana kumburin a allo. Kawu sai da ya yi gardama, wai shi ba mace ba ne.

Likita ya ce ba a gaggawar aiki sai faɗin ya kai wajen santimita 5.5. Kafin nan sai shan maganin hawan jini kullum, barin taba, da dawowa awo. In ya kai, ko dai a buɗe ciki a sa jijiyar roba, ko a zura wani bututu ta jijiyar gindin cinya a toshe kumburin daga ciki. Duka biyun kuɗinsu ya fi ƙarfin shanun huɗa. Barin tabar ce dai har yau muke fama da kawu a kai.

A Ingila, duk namijin da ya cika shekara 65 ana gayyatarsa wannan hoto. Mu ba mu ce a yi mana haka dare ɗaya ba. Amma manyan asibitocinmu na Gumel da Haɗeja da Ringim da Kazaure suna yi wa mata hoton ciki. Me zai hana Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta ware ranar kasuwa don dattawa masu hawan jini da waɗanda suka sha taba, a horar da ma'aikata su riƙa auna jijiyar? Limamai da dagatai su yi shela, a kuma faɗa wa mutane cewa ciwon ƙirji ko baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya kamar ana yaga nama, na asibiti ne a take.

Wassalam.

Wani malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Gumel, Jihar Jigawa.