Wasiƙa daga Madrid: farin garin da muke ɗura wa magani

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Yaya kasuwa, yaya zafi? Mu nan sanyi ya fara kankama, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, har da hoton kwalbar da wani ya kawo maka kanti wai maganin "nano" ne mai kashe ciwon daji. Tunda ka ce in gaya maka gaskiya, to kada ka karɓa, ko da bashi zai bar maka. Bari ka ji abin da nake wuni ina yi, sai ka auna da kanka.

"Nano" ɗin nan yana nufin abin da ake auna ƙanƙantarsa da nanomita, kuma nanomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Ƙwayoyin da muke haɗawa ba su wuce nanomita 100 zuwa 200 ba, kuma na silika ne, sinadarin da ke cikin rairayi. Muna narkar da wani sinadari dangin sabulu a ruwa mai ɗumi, mu ɗiga ruwan silika muna juyawa, kafin ka ankara ruwan ya koma fari fat. Sai a tace, a gasa a zafin digiri 550. Sabulun ya ƙone, gurbinsa ya zama ramuka jere reras kamar saƙar zuma. Abin da ke fitowa farin gari ne marar nauyi, ko numfashi ka yi da ƙarfi kusa da shi sai ya tashi, shi ya sa ba ma buɗe shi sai da takunkumi. Giram ɗaya tak, in aka haɗa faɗin bangon ramukansa, yana kai wa murabba'in mita 1,000. A cikin ramukan nan ake ɗura magani.

Abin dariya, ba don marasa lafiya aka ƙirƙiro shi ba. Masu bincike na kamfanin mai na Mobil ne suka fito da shi a 1992, suka sa masa MCM-41, hankalinsu na kan tace man fetur. Sai a 2001 Farfesa María Vallet-Regí ta Jami'ar Complutense, a nan Madrid, ta zuba ibuprofen a ramukan, ta nuna yana fita sannu a hankali. Wannan ibuprofen ɗin dai da kake sayarwa kullum.

Ɗura maganin ba wuya. Kai shi inda ciwon yake, nan gizo ke saƙar. Da ƙwayoyin sun shiga jini sai sunadaran jiki su lulluɓe su, hanta da saifa su gane baƙi ne su kwashe mafi yawa. Tun 1986 wasu masana biyu a Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, wato kumburin ciwon daji, suna yoyo, don haka ƙananan ƙwayoyi kan taru a wurin. An daɗe ana dogaro da wannan. Amma a 2016 ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara binciken shekara goma da aka yi kan dabbobi, ya tarar kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka yi allurarsa ne ke isa ga ƙarin. A ɓera ke nan fa, balle ɗan Adam. Yanzu ka dubi mai kwalbarka da ya ce cokali biyu safe da yamma.

Ba ina cewa fannin holoƙo ba ne. Amurka ta amince da Doxil tun 1995: tsohon maganin daji ne aka naɗe cikin ƙwayoyin kitse, ya rage illar da yake yi wa zuciya. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna ma cikin ƙwayoyin kitse aka ɗauko shi. Kai ma kana da naka a kanti: jan layin da ke fitowa a yawancin abin gwajin zazzaɓin cizon sauro ƙwayoyin zinare ne, waɗanda tsabar ƙanƙanta ta mai da su ja. Silikar tamu kuwa har yau tana matakin gwaji.

Ina da roƙo. Tokar ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce, kuma ana iya yin irin wannan gari da ita. In ka bi ta Kura, tambayar mini masu injin casa yadda suke yi da ɓuntun, sayarwa suke ko ƙonawa, kuma nawa buhu. Ina so in san abin da zan tarar in na dawo.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. A shafa mini kan yara.

Naka,
abokinka na Madrid