A daina kwance madubin babur da liƙa wa mota madubin ɗaki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan abin da muka raina a titunan Kaduna, wato madubin abin hawa.

Duk mai bin titin Ahmadu Bello ko hanyar Nnamdi Azikiwe zai ga babura birjik babu madubi ko ɗaya. Yaro zai sayi sabon babur, tun bai sa masa lamba ba ya kwance madubin duka biyu, wai na tsofaffi ne, ko yana hana shi kutsawa cikin cunkoso. To da me zai ga tirelar da ke tafe a bayansa? Sai dai ya waiwaya, gabansa kuwa a lokacin babu mai dubawa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Waiwaye ɗaya ya isa ya hau kan ɗan makaranta, Allah Ya kiyaye.

Masu motoci ma ba su tsira ba. Madubi uku ne a ƙaramar mota, kowanne da aikinsa. Na ciki gilashinsa a miƙe yake, yana nuna tazarar motar baya yadda take. Yawancinsu akwai ɗan maɓalli a ƙasa, idan na baya ya dalle ka da fitila da dare sai ka tura shi hasken ya dushe. Amma me zai yi wa direban hayar da ya cika but da buhuna har gilashin baya ya toshe?

Wanda ya fi damuna shi ne na gefen dama. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba a hagu yake zama, gefen dama ya yi masa nisa. Shi ya sa ake yi wa wannan madubi ɗan tudu kamar bayan cokali, domin ya kwaso fili mai faɗi. Sai dai yana ƙanƙantar da abu, har ka zaci motar da ke dab da kai tana can nesa. Motocin da ake shigo da su daga Amurka ma akwai gargaɗin haka a rubuce a jikinsa. Yanzu idan ya fashe ko ɓarayi suka ɓalle shi, sai mutum ya je wurin mai yankan gilashi a yanko masa madubin ɗaki a manna da gam. An yi arha, amma filin da yake gani ya tsuke, kuma ta wannan gefen ne Keke Napep da babura suka fi kutsowa. Gara a daure a shiga kasuwar Panteka a nemo irin nasa.

Ko da ukun suna nan lafiya, akwai wani lungu daidai kafaɗar direba da ba su kamawa. A saita na gefe yadda jikin motarka kaɗan ne zai fito, a sa sigina, sannan a ɗan saci kallo ta kafaɗa kafin a sauya hannu. Wannan lungu a jikin tirela da tanka zai iya ɓoye mota sukutum. Mai bin Mararrabar Jos ya riƙe wannan: in ba ka hango fuskar direban a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, su riƙa duba madubi kamar yadda suke tambayar lasin da takardun mota. Shugabannin tasha kuma, don Allah kada ku bar motar da ba ta da madubi ta yi lodi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani direba daga Tudun Wada, Kaduna