Masu hawa dutse ranar Asabar, don Allah mu daina ɓata wuraren da muke zuwa ɗauka a hoto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan uwana matasa da suka fara sha'awar hawa duwatsu a ƙarshen mako, musamman mu nan Zariya da muke zuwa Kufena, da kuma na Kano da Jos da nake ganin hotunansu kullum a Instagram da TikTok. Ni mai ɗaukar hoto ne, da biki da suna nake cin abinci, amma Asabar ɗin da ba ni da aiki to a kan dutse za ka same ni, kuma na daɗe ina yi tun lokacin da in ka ce za ka hau dutse sai a tambaye ka me ka ajiye a can.

Gaskiya na ji daɗi da abin ya karɓu. Yanzu sai ka ga ɗalibai da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa sun haɗa guruf a WhatsApp, an yi karo-karon kuɗin mota, ana idar da sallar asuba an kama hanya. Wanda bai taɓa tsayawa a saman Kufena rana tana ɓullowa ba, gonaki shimfiɗe a ƙasa, hayaƙin girkin safe yana tashi daga Wusasa, wallahi ba zai gane abin da nake faɗi ba, gani ya kori ji. Kuma ga motsa jiki, mu da muke wuni a zaune muna danna waya.

To amma abin da na gani a hawana na baya-bayan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na isa wani fako da na saba kafa kyamarata, sai na tarar an rubuta sunaye da jan fenti, manya-manya, har da lambar waya da zanen zuciya. A gefe kuma ledojin fiya wata ne da robobin lemo da takeawe na shinkafa an cusa a tsagin dutse, wasu iska ta kwashe ta rataya a ƙaya. Na fi minti talatin ina neman kusurwar da zan ɗauki hoto babu shara a ciki, ban samu ba. Na zauna raina a ɓace, don waɗanda suka yi wannan ba baƙi ba ne, mu ne, kuma na tabbata a hoton da suka ɗora a ranar babu leda ko ɗaya, sun juya kyamara ta inda ke da tsabta suka bar ƙazantar a bayansu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancinmu ba mu san inda muke takawa ba. Kufena ba dutse ba ne kawai, mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin Zariya da muka sani, tarihin Zazzau ya bi ta Turunku ya zo Kufena, kuma har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen, irin wadda ake dangantawa da Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku. In ka duba ƙasa da kyau za ka ga katangar tukwane ta da, wato fasassun tukwanen mutanen da suka rayu a wurin. Na taɓa ganin yaro yana tsintar su yana wasan jifa da su daga sama, da na yi masa magana ya ce ai kasko ne kawai. Haka Dala a Kano, dutsen Barbushe da Tsumburbura, wanda mutane ke zaune a kewayensa suna narkar da tama tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999, kana hawa za ka hango Goron Dutse da babban masallaci da tsohon birni gaba ɗaya, amma duk wanda ya hau ya san irin sharar da zai tsallake kafin ya kai sama. A Birnin Kudu ta Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu da mutanen da can suka zana, masana na zuwa daga nesa su gani. Ka yi tunanin ranar da mai gwangwanin fenti zai isa can ya ga fili mai kyau na rubuta sunan budurwarsa, shikenan an gama da shi, da wuya fenti ya fita daga dutse ba tare da an kankare abin da ke ƙarƙashi ba.

Sai maganar ganganci saboda hoto, wannan kam na gani da idona kuma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Akwai wata Asabar cikin damina, an yi ruwa da daddare, muka hau da wasu sababbi. Wani yaro a cikinsu silifas ne a ƙafarsa, na yi masa magana tun a ƙasa ya ce ba komai ya saba. Da muka kai sama ya miƙa wa abokinsa waya ya ce ya ɗauke shi a bakin gefe, yana ja da baya yana cewa ka ɗauko har da garin, sai ƙafarsa ta hau gansakuka. Allah ya taimaka wani tudu ya tare shi, amma idon sawunsa ya karye, kuma sai da muka yi kusan awa huɗu muna saukowa da shi a hanyar da muka hau cikin ƙasa da awa ɗaya, muna karɓa-karɓa, rana ta take, ruwan shanmu ya ƙare. Babu motar asibiti da za ta hau dutse ta ɗauke ka, abokan tafiyarka su ne asibitinka.

Don haka ga abin da na koya a shekarun nan, wanda zai ɗauka ya ɗauka. Saukowa ta fi hawa haɗari, lokacin ƙafa ta gaji kuma nauyin jiki yana tura ka gaba, to a nan ne ya kamata waya ta koma aljihu. A sa kambas mai kama ƙasa, a ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, ni ba na hawa da ƙasa da lita 2. Kada a zura hannu a rami ko tsagin da ba a ga cikinsa ba saboda maciji da kunama, kuma a rage fesa turare don ƙudan zuma na yin gida a kogo, in suka taso maka a kan gangare ba ka da wurin gudu. In hadari ya haɗu a sauko nan take, saman dutse shi ne wuri mafi muni da tsawa za ta same ka. Game da hoton kansa kuwa, hasken da ake so yana cikin awa ɗaya bayan fitowar rana ne ko dab da faɗuwarta, da tsakar rana inuwa ce kawai za ta cika maka fuska. Lokacin hunturu hazo yana cinye nesa, sai dai ka ɗauki abin da ke kusa, amma ƙarshen damina wajen Oktoba iska ta wanke, ciyawa kore shar, dutse ya fara bushewa, wannan ne lokacin da nake jira duk shekara. Kuma hoton da zai nuna tsayi ba sai mutum ya tsaya a baki ba, mai kyamara ne zai durƙusa ya ɗauko daga ƙasa, mutumin na can nesa da gefe lafiya lau.

Akwai kuma hakkin mutanen gari. Kusan kowane dutse da muke zuwa akwai ƙauye a gindinsa, akwai gonar wani, akwai makiyayi. Mu kan zo da sifika muna kiɗa, mu ratsa ta cikin dawar mutum, mu ɗauki matan da ke ɗiban ruwa a hoto ba tare da ko sallama ba mu ɗora a intanet. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ni in na je sabon wuri nakan fara gaida mai unguwa, in nemi ya haɗa ni da yaro ɗan gari da ya san hanya in biya shi, kuma a halin tsaron da ake ciki yanzu su ne za su gaya maka yau a hau ko kada a hau. In suka ce a bari, a bari, akwai duwatsun da na daina zuwa gaba ɗaya saboda haka duk da ina kewar su. Kuma a gaya wa na gida inda aka tafi da lokacin dawowa.

Muna da abin gani fa a arewa. Duwatsun Shere na Jos sun kai mita 1,829, Chappal Waddi da ke Gashaka Gumti a Taraba mita 2,419 ne kuma babu wanda ya kai shi a Najeriya, ga Sukur a Adamawa da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, inda mutane suka shimfiɗa hanyar dutse da hannu har zuwa sama. Ina kira ga hukumomin da abin ya shafa da masarautu su sa alluna masu bayanin tarihin wuri da kwandunan shara a gindin duwatsun da ake yawan zuwa, su kuma sa ido kan masu fasa dutse da ke matsowa kusa da wuraren tarihi.

Amma ba sai mun jira su ba. Shugabannin guruf, ku sa doka, kowa ya hau da buhu ya sauko da shi cike, wanda aka gani da fenti kada a sake tafiya da shi. Mu a namu ɓangaren mun yanke cewa Asabar ta farko a kowane wata ba hoto za mu je yi ba sai mun gama kwashe shara, wanda ke Zariya yake son zuwa zai same mu a gindin Kufena bayan asuba, ya zo da buhunsa da safar hannu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya