Zuwa ga Gwamnan Kebbi: A buɗe wa motar kwana-kwana hanya kafin hunturu ya kama

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ne, na haura shekara ashirin a kan keke, kuma ban taɓa rubuta wa mai mulki takarda ba sai yau. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne kai ɗan ƙwadago ne. Ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ka riƙe mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Wanda ya yi shekaru yana faɗa a kan haƙƙin ma'aikaci ba sai an yi masa dogon bayani a kan lafiyar ma'aikaci a wurin aikinsa ba.

Wani hunturu da ya wuce gobara ta cinye layinmu a kasuwa. Da la'asar aka ɗauke wuta, wani yaro a shagon maƙwabcina ya bar dutsen guga a jone, kusa da tulin shadda, aka kulle aka tafi gida. Can wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta dawo. Maigadi ne ya fara jin ƙauri. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, wannan ni shaida ne. Amma motarsu a bakin ƙofa ta tsaya, domin hanyar da aka bari tun asali ta koma lungu: nan tebur, can rumfar kwano da aka ƙara, gaba kwantena, ga buhuna an jibge. Tiyo bai kai ba. Da hannu muka riƙa ɗaga tebura muna jifa gefe, iska kuma tana kaɗa wutar daga wannan rufi zuwa wancan.

Da gari ya waye na tarar da kekunana uku sun yi baƙi ƙirin, leshin wata amarya ya narke ya manne a jikin almakashi. Dukiya ce, ana mayarwa. Abin da har yau ke hana ni barci daban ne. Yarana biyu masu koyon ɗinki a shagon suke kwana, kuma saboda ɓarayi ni da hannuna nake sa musu kwado ta waje. A daren nan kaɗai suka roƙe ni su je gida, mahaifiyar ɗayansu ba ta da lafiya. Ranka ya daɗe, cikin rumfunan da suka tare motar nan har da tawa. Na ƙara ta da taku biyu don in rataye samfurin ɗinki, ban ga laifin hakan ba sai a daren.

Da labarin Ƙauran Namoda ya zo a watan Fabrairun 2025, cewa almajirai 17 sun ƙone cikin dare a makarantarsu, yaran nan biyu na tuna. Zamfara ba nisa gare ta da mu ba, kuma yadda yara ke kwana a can haka suke kwana a shagunanmu da makarantun allonmu: ƙofa ɗaya, taga da ƙarfe, kasko a tsakiya don jin ɗumi.

Na san abin da ke biyo bayan kowace gobara. Manya su zo jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, wani lokaci a raba tallafi. Muna godiya da wannan. Sai dai da an sake gini, sai a mayar da shi yadda yake, ko ma ya fi da matsewa, a kira yaron da ya iya ɗaure waya ya ja wa shago goma wuta daga siririyar waya ɗaya. Idan ka yi magana a ce maka ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamanmu sun karantar da mu cewa da wani gida ya ƙone da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi mutane cewa wuta abokiyar gaba ce, a kashe ta kafin a kwanta.

Babban roƙona shi ne hanya. Wannan ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙananan hukumomi 21 da muke da su sun san inda kowace hanya take tun farko, sun kuma san wanda ya ci ta. Abin da ke hana su magana shi ne kunya da tsoron a ce sun hana talaka neman abinci. Idan umarni ya fito daga sama, kuma aka fara da kwantenar mai kuɗi kafin teburin mai kayan miya, mutane za su bi. Wanda aka tasa a nuna masa wani wuri, kada a kore shi kawai. Bayan hanya sai ruwa: kowace babbar kasuwa ta samu burtsatse da tanki wanda aka keɓe don gobara kaɗai, domin motar da ta juye ruwanta ta tafi nema, kafin ta dawo aikin gama ya gama.

Akwai kuma jahilcinmu. Yawancinmu da janareta muke aiki, jarkar fetur tana ƙarƙashin tebur. Na ga mutum ya watsa wa wutar fetur ruwa, sai ta bi ruwan ta bazu. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa yashi ake zuba mata, ko cewa wutar lantarki ba a tunkarar ta da bokiti sai an yanke layi. Wasu sun sayi jar tukunyar nan ta kashe gobara sun rataye, amma ba su san ana zare fil a nufi gindin wuta ba. Da 'yan kwana-kwana za su riƙa zagayawa ƙungiyoyin teloli, masu walda da kafintoci sau ɗaya a shekara, su kunna wuta a rabin duro su sa yaranmu su kashe da hannunsu, da an rage asara mai yawa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci masu aikin injin casa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, ƙananan injina suka yawaita. Ka leƙa ka ga samari cikin ƙura tun safe, ba abin rufe hanci, gashin idonsu ya yi fari, bel yana juyawa a buɗe kusa da hannun riga, tsibin buntu kuma yana jingine da injin mai zafi. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari da tanadin hanyar fita idan gobara ta tashi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF don wanda ya ji rauni. Dokokin tarayya ne, na sani, amma yaron da bel ya cire wa yatsu ɗan Kebbi ne, kuma kai ka san ƙofar da ake bugawa a Abuja fiye da kowa a jihar nan.

Ranka ya daɗe, ga gwajin da nake roƙo. Kafin iskar hunturu ta taso, a ɗauki motar kwana-kwana da rana tsaka, ranar da kasuwa ke ci, a shiga da ita ta babbar ƙofa a Birnin Kebbi, da Jega, da Argungu, da Yauri, da Zuru, da Kamba. Duk inda ta tsaya ta kasa wucewa, a shafa jan fenti, a ba masu wurin wata ɗaya. Ni dai na riga na cire taku biyun nan, kwadon kuma yanzu ta ciki yarana ke sa shi.

Wassalam,
Wani tela daga masarautar Gwandu