Amsa ga malamin da ya ce Satchel Paige ba gwani ba ne

Malam, salamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan rubutuna a kan Satchel Paige, mai jifan ƙwallo a wasan besbol na Amurka. Ka ce ta yaya zan kira mutumin da ya ci wasa 28 ya faɗi 31 a babbar gasar besbol ta Amurka gwanin zamaninsa, sannan ka ƙara da cewa ko don baƙar fata ne nake kambama shi. Wannan ta biyun ce ta yi mini ciwo. Ni ka mayar da ni mai son kai, shi kuma ka mayar da shi wanda ake yi wa alfarma, alhali ba a taɓa yi masa ita ba.

Alƙaluman da ka kawo gaskiya ne. Abin da ka ɓoye wa masu karatu shi ne shekarunsa ranar da aka fara ƙirga su. An haifi Paige a garin Mobile na jihar Alabama a 1906, ya fara jifa a matsayin sana'a a 1926. Babbar gasa kuwa ba ta ɗaukar baƙar fata, sai da Jackie Robinson ya shiga a 1947. Sai a watan Yulin 1948 Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya ɗauki Paige a ƙungiyarsa, yana da shekara 42, lokacin da sa'o'insa suka daɗe da barin fili. Shekara 22 na ƙuruciya da ƙarfin damtse duk a gasar baƙaƙe ya yi su, a Birmingham da Pittsburgh da Kansas City, da yawon wasa gari-gari, har Jamhuriyar Dominika a 1937. Ko ɗaya daga cikinsu babu a lissafin da ka ɗauko.

To, dattijon da aka buɗe wa ƙofa a makare me ya yi? A ragowar kakar 1948 ya ci wasa 6 ya faɗi 1, Cleveland ta ɗauki kofi, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya yi jifa a wasannin ƙarshe na gasar. Yawancin faɗuwar da kake nunawa a St. Louis Browns ya yi ta, ƙungiya mai rauni wadda shan kashi ya zame mata jiki, kuma duk da haka an zaɓe shi cikin zaratan gasar a 1952 da 1953. A watan Satumban 1965, yana da shekara 59, ya yi zagaye uku yana jifa a kan ƙungiyar Boston ba su samu maki ko ɗaya ba.

Batun da ka kawo kuma, cewa Hausawa ba sa buga besbol, ba zan daɗe a kai ba. Ba sai mutum ya iya wasa ba kafin ya gane zalunci.

Malam, an san ka da karatu, shi ya sa ban yarda cewa ba ka san waɗannan abubuwa ba. Ina zargin tafin jama'a ka nema, kuma ka same shi da mutuncin mamaci. Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗabi'a ta auna mutum da littafin waɗanda suka hana shi shiga. Ko a 1971 da za a sa shi a zauren karrama gwanaye, da farko keɓe masa wani sashe daban aka shirya yi, sai da jama'a suka yi ca aka fasa. Ya rasu a 1982, kuma sai a 2020 hukumar babbar gasa ta amince cewa gasar baƙaƙen nan daidai take da tata.

Ina roƙonka, duk ranar da za ka sake kawo 28 da 31, ka rubuta 42 a gefensu, ka kuma faɗa wa mutane wanda ya tsare ƙofar.

Wassalam.