Dariyar da aka yi mana a shirin ranar Asabar

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shekara da shekaru ina sauraron tasharku ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuto muku ba sai yau, domin shirin ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Lokacin da yaron nan ya bugo waya ya ce su ƙungiya ce ta matasa masu fita kallon tsuntsaye da bazara, mai gabatarwa ya fashe da dariya, ya ce masa wannan ai aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. Bai bar shi ya ƙarasa ba ya katse layin. Wallahi sai na ji kamar ni aka watsa wa ƙasa a ido.

Ni malamin makaranta ne a yankin Nguru, ɗan manomi, jikan masunci. Duk Asabar daga watan Maris zuwa Mayu nakan fita da ɗalibaina bayan sallar asuba mu nufi bakin fadama. Madubin hangen nesa ɗaya gare mu, shi ma gefe guda ya tsage, bi da bi ake karɓa. Akwai littafi mai bangon kwali da muke rubuta duk abin da muka gani: kirinjijiya nawa, dinya nawa, zalɓe nawa, a wane gurbi, ruwa ya ja ko bai ja ba. Wasu yaran ko karin kumallo ba sa yi suke fitowa. To waɗannan ne ƙosassun?

Mai gabatarwa ya sani cewa a wannan lokacin ne baƙin tsuntsayen da suka yi hunturu a wurinmu suke haramar komawa Turai. Sai sun ci sun yi ƙiba a fadamar Haɗeja da Nguru kafin su iya ƙetare Sahara. A bara wani masunci ya kawo mini wata 'yar agwagwar ruwa da ta mutu a komarsa, da zoben ƙarfe a ƙafarta ɗauke da lambobi da rubutun wata ƙasa. Na ɗora ta a tafin hannu, yara suka kewaye ni, aka yi tsit. Wata yarinya ta taɓa zoben da yatsa ta ce, "Malam, ashe da wanda ya san ta a can?" Na ce mata ƙwarai, kuma yana jiran dawowarta. Tun ranar yarinyar nan ba ta sake fashin fita ba.

Su suna tafiya, shamuwa tana isowa. Wane Bahaushe ne bai san cewa in shamuwa ta sauka a kan kuka ko tsamiyar gari damina ta kusa ba? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya gyara garma sai ya gan ta. Ba Bature ne ya koya masa ba. Shi ya nuna mini gauraka ina yaro, garke guda suna rawa a bakin ruwa. Yau a ajina babu yaro ɗaya da ya taɓa ganin gauraka da idonsa. Ungulu da ke cika mahauta da ma ta ɓace, an kashe ta ana sayar da kanta ga masu tsibbu, mushe na ruɓewa a bayan gari babu mai ɗaukewa. Wannan abin dariya ne?

Na san abin da za a ce mini, jan baki, tsuntsun nan mai cinye amfanin gona. Na san shi sarai, na kwana a gonar shinkafa ina kaɗa gwangwani har muryata ta dishe. Amma a tambayi kowane manomi a nan inda jan baki yake kwana, zai nuna kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta tafi a kan lokacinta ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin jan baki. Mu da muke zagaya fadamar muna rubutawa mu ne muke fara ganin inda ta ci gaba. Kuma idan aka yi feshin guba, ba jan baki kaɗai ke faɗuwa ba, na tsinci balbela da hannuna.

Tafkin Nguru yana cikin jerin muhimman dausayin duniya da ake kira Ramsar tun shekarar 2000. Ga Dagona nan kusa da mu, wurin da aka keɓe don tsuntsayen ruwa, wanda mijin Sarauniyar Ingila ya zo gani da kansa a 1989. A Jos akwai cibiya sukutum ta binciken tsuntsaye a dajin Amurum inda 'ya'yanmu ke yin digiri na biyu. Baƙi sun san darajar abin da ke ƙofar gidanmu, tasharmu kuwa tana kunyata yaron da ya tashi kula da shi. Ina roƙonku ku nemo yaron nan ku ba shi fili ya faɗi abin da ya kawo shi, mai gabatarwa kuma ya ba shi haƙuri a iska kamar yadda ya yi masa dariya a iska. In yana so, ya zo Asabar mai zuwa, za mu ba shi madubin ya fara dubawa.

Sai kuma batun sanarwar rasuwa da kuke karantawa da safe. Don Allah a riƙa sassautawa. Makon jiya an karanto ta wani dattijo da muka yi aiki tare, aka zuba ta da gudu aka shiga tallan maganin basir, ban ji sunan unguwar da za a yi jana'iza ba, har aka binne shi ban samu sallarsa ba.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Nguru, Jihar Yobe